Sunan da Ba A Faɗa

Lokacin da nake sayar da atamfa a unguwar Château Rouge ta birnin Paris, akwai wani Ba'italiye da ke haya a saman shagonmu. Ubansa birkila ne, shi kuwa yana wankin kwanuka a gidan abinci da dare, da rana kuma ya zauna yana rubuta littafi da yarensu. Ga surutu kamar rediyo, ga ci. Da ya ji ƙamshin miyar kuka sai ya sauko, wai ya zo gaishe ni. Ni kuwa na san tukunya ya zo gaisarwa.

Namiji yake so, bai taɓa ɓoye mini ba. Wanda yake so ɗin ɗan wasu masu masaƙar siliki ne a garin Lyon, in sun je gidansu sai ya ce da iyayensa Ba'italiyen direbansa ne. Ranar da na ji wannan na yi ta faɗa har na ƙone albasa. Sauran lamarin kuwa na bar wa Allah, maƙwabcina ne.

Sai ciwon nan ya kama shi, wanda mutane ke gudun mai shi a lokacin. Ya koma wajen yayarsa a garin Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon. Na ɗaure langa da ɗankwali, na hau jirgin ƙasa na tafi dubiya, miya na ɗiga a zanena.

Na tarar ya rame, an ware masa kofinsa da cokalinsa. Na ture su, na buɗe langa, muka sa hannu tare. Loma uku ya iya yi, amma ya lashe yatsu.

Sannan ya nuna mini tulin takardu, ya ce ƙone su zai yi.

"Don me?" na ce.

"Hajiya, littafin duk a kan mutumin Lyon ne, amma ko sau ɗaya ban rubuta sunansa ba. Shi, shi, shi. Matsoraci ne ni."

Dariya ta ƙwace mini. "Kai ƙanena, shekara nawa kana cin tuwona? Yaya sunan maigidana?"

Ya ce bai taɓa jin sunan ba.

"Shekara ashirin da aurenmu ban taɓa faɗarsa ba. A garinmu Damagaram, sunan kowa kana kira, har mai kawo ruwa. Wanda ba ka iya kiran sunansa, shi ne naka."

Ya dube ni, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, yayar ta shigo a guje. Ya ce ta miƙo masa biro. Daɗi ya kama ni, na ƙara masa miya.

Ya gama littafin kafin sanyi ya shigo. Bayan rasuwarsa yayar ta aiko mini da guda, ta ja layi a shafin farko, ta fassara mini a gefe. Mutum biyu ya sadaukar wa littafin: shi, da ita mai langa. Na duba sama da ƙasa, babu sunana.