Goyon da Aka Kwance a Gumel

Har yau in na ji rugugin jirgin sama sai na bar abin da nake yi na ɗaga kai. Ko tankaɗe nake sai na ajiye rariya. Jikokina suna yi mini dariya, wai tsohuwa ba ta gajiya da kallon jirgi. Ƙyale su nake yi. Wani yaro nake tunawa, wanda aka raba da bayana ina 'yar shekara bakwai.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar Sule Tankarkar, a zamanin da duk yankinmu jihar Kano ne. Baba fataucin awaki da tumaki yake yi, kowace Alhamis yana kasuwar Maigatari. Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna, kuma in ka tashi a gidan da ake kunyar ɗan fari ka san abin da nake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wannan" take cewa, idonta a wani wuri. Ba ƙi ba ne, haka ita ma aka yi mata, amma ina yaro zai gane? Da aka haifi ƙanena wuyansa ya yi ƙwari, wata safiya ta ɗora mini shi a baya, ta zagayo da majanyi, ta ja ƙullin a ƙirjina da hannunta. Ban tuna ta taɓa matsowa kusa da ni haka ba kafin ranar.

Daga nan ya zama nawa. Da shi nake zuwa rijiya, da shi nake kalar gyaɗa, da shi nake carafke a ƙofar gida. Na san yadda nauyinsa yake ƙaruwa in barci ya ɗauke shi, kansa ya faɗo tsakanin kafaɗuna, miyau ya jiƙa mini wuya. Kansa kullum ƙamshin man shanu yake. In ya fara kuka ba ya shiru a hannun kowa sai an kira ni, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina ji da kaina a kan wannan ba kaɗan ba.

Shekarar da Baba ya biya wa kansa da Inna kujerar Makka, yaron yana wata goma sha ɗaya, yana tsayuwa da bango. Iya, kakarmu ta wajen uba, ta ce a yaye shi a bar mata. Baba ya ce lokacin yaye bai yi ba, kuma an tabbatar masa ana saka jariri a fasfon uwarsa. Iya tana da dalilinta. Tana yarinya ƙanen babanta ya tafi Gabas a ƙafa da matarsa da ɗan goye, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. A wurinta Makka tafiyar shekara bakwai ce in an yi sa'a. Tana kaɗin auduga tana faɗin wannan, ni kuma ina zaune a gefe da yaron a baya, ba wanda ya kula ina ji. Ba kuma wanda ya ga dalilin yi wa yarinya bayanin cewa jirgi daban ne da ƙafa.

Da Iya ta ga an fi ƙarfinta sai ta koma shiri. Ta ɗinka masa hula mai kunnuwa don kada iskar sama ta shiga maɗigarsa. Ta mulmula auduga da man shanu don toshe masa kunne. Ta ɗebi ƙasar ƙofar gidanmu ta ƙulle a tsumma, ta ce a riƙa barbaɗa kaɗan a ruwansa kada ruwan baƙon wuri ya ɓata masa ciki. Baba ya yi dariya ya ce jirgin a rufe yake kamar ɗaki, iska ba ta shiga. Iya ta tambaye shi sau nawa ya taɓa shiga.

Aka kai shi Gumel aka yi masa lambar rigakafi a hannu, na goye shi kwana uku jikinsa kamar garwashi. Sannan Inna ta fara bin gidaje tana neman gafara, mata suna rungume ta suna kuka. Wannan ne ya gama tabbatar mini. Ai ba a yi wa mai dawowa irin wannan kukan.

Ranar tafiya an gama yankan gero, dammuna jibge a bakin hanya. Ni na goyo shi a mota har tashar Gumel inda maniyyata suke taruwa. Da na ga an fara ɗaure kaya a saman motar Kano, sai na ƙara wa majanyin ƙulli biyu, na sulale na laɓe bayan buhunan wani mai wake. Dabarar 'yar shekara bakwai ke nan. Shi da kansa ya tona ni, ya ga akuya ya yi mata gwaranci. Inna ta zo ta tsaya a kanmu, tana kallon buhunan.

"A ce wa wannan ta sauke shi."

Ban motsa ba. Iya ce ta durƙusa ta kwance ƙullin da haƙorinta. Ya riƙe mini kitso sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Abin da na fi tunawa shi ne sanyin da ya bugi bayana inda gumin cikinsa yake.

Na yi kewarsa har abinci ya fita raina. Ina tafiya a sunkuye kamar yana nan. Maƙwabciyarmu ta ba ni 'yarta in goya, na ce bayana ciwo yake. Jirgi ba ya yawan bi ta kanmu, amma duk wanda ya wuce sai mu fito ni da Iya, ta kare ido da hannu, mu bi shi da kallo har ya ɓace. Na riƙa lissafa cewa in ya dawo zai tarar an yi mini aure.

Bayan Babbar Sallah da 'yan makonni aka ce alhazai sun sauka Kano. Ban yarda ba sai da na ji guɗa a ƙofar gida. Ga Baba da farin rawani, ga Inna da haƙorin Makka. Aka sauke yaron a tsakar gida cikin 'yar farar jallabiya, sai kawai ya taka. Taku ɗaya, biyu, har ya kai turmi. Gida ya kaure da shewa, Iya tana kuka tana cewa angonta ya dawo Alhaji. Ni kuwa na kutsa na tsuguna a gabansa, na juya masa baya yadda muka saba. Na jira. Da na waiwaya, ya cusa fuska a zanen Inna yana leƙena kamar baƙuwa. Mutane suka yi dariya suka ce ƙyuya ce, za ta wuce. Na tafi bayan rumbu na yi kukana.

Ƙyuyar ta wuce, amma bai ƙara yarda da goyo ba. In na ɗaure shi sai ya yi ta harbi da ƙafa sai an sauke shi.

Na ji Inna tana ba mata labarin jirgi. Ashe ba a zama da goyo a ciki, sai da aka sa ta kwance shi ta riƙe a cinya. Jirgi na tashi yaron ya cire audugar Iya ya jefar, ya ƙi nono, ya ƙi hannun Baba, ya yi ta tsala ihu har mutane suka gaji da juyowa. Bayan kwana biyu ina taya ta surfe, ba kowa a tsakar gida, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Bayanki yake nema. Har muka sauka Jidda bai yi shiru ba."

Wannan ce magana ta farko da ta taɓa yi mini wadda ba aike ba ce.

Yanzu ya yi furfura, jirgi ya zama masa kamar motar haya. 'Ya'yansa suna shiga da jarirai a rataye a ƙirji, kafin su sauka hoto ya iso waya. Ba mai bin gidaje neman gafara, kuma duk yaron da ya fara tafiya sai dangi kaf sun gani ko suna wace ƙasa. Ba na jin haushinsu, sai dai ina kwaɗayin abin. Inna ta ce a Mina ya fara taku, tsakanin tantuna, ni da na yi wata takwas ina ɗauke da ƙafafun nan ban gani ba. In ya zo gaishe ni yakan durƙusa ya ce Yaya, bai tuna komai ba, kuma Inna da Iya da suka sani sun riga mu gidan gaskiya. Kowa ya ce mutum uku suka tafi, uku suka dawo lafiya, kuma haka ne. Ni dai goyona ba a dawo mini da shi ba.