Hannun Mma Suweiba a Bangon Birmingham

Mma Suweiba maƙwabciyata ce a unguwar Longsight, ƙofarta na kallon tawa. 'Yar zangon Kumasi ce, amma a Bawku ta tashi wajen kakarta, gidan da yarinya ba ta cin tuwo sai ta niƙa dawar da hannunta. Mijinta Musah yana gadin wani sito a Cheetham Hill, ita kuma tana sharar gidajen ɗalibai a Fallowfield. Mace ce mai ji da sunanta. Ko wasiƙar council, wato ƙaramar hukuma, ce ta zo da kuskuren harafi ɗaya, sai ta sa an gyara.

A shekarar 2004 ta haɗu da Fergal, ɗalibi ɗan ƙasar Ireland mai nazarin kayan da ake tonowa daga ƙasa. Yana rubutu ne a kan yadda mutanensu na can da suke niƙa hatsi. Wata Talata ta fito zubar da shara ta same shi a filin da ke bayan gidan ɗaliban, durƙushe gaban wani faffaɗan dutse, yana ta gogar sha'ir. Gumi kawai yake yi, hatsin sai zamewa.

Ta shafa dutsen da tafin hannu, ta ce masa da Turancinta, "Dutsenka ya mutu. Ya yi santsi, ba zai ci hatsi ba."

A cikin kwalinsa akwai wasu ƙananan duwatsu kamar ƙwallo, kwatankwacin waɗanda aka tono kusa da duwatsun niƙa a yankinsu. Shi ya ɗauka na tsafi ne. Ta ɗauki ɗaya ta yi ta ƙwanƙwasa fuskar babban dutsen har ya yi kaushi, ta gyara zaninta ta durƙusa. Kafin shayinsa ya huce gari ya taru.

Daga nan suka shaƙu. Yana ba ta labarin mutanen ɓoye da tatsuniyarsu ta ce suna zaune a ƙarƙashin tuddai, da wata bishiyar ƙaya da manomi ba ya yarda ya sare. Ta ce ai tsamiya ce kawai ta canza ƙasa. Tana kai masa shinkafa da wake, tana kiransa ɗana. Ya ɗauki hotunanta tana niƙa, ya yi alkawarin sunanta zai fito a aikin. Da kanta ta jera masa haruffan, sau biyu.

Ni Raki, tun farko na ce mata ta yi a hankali da mai yawan godiya. Ta ce baƙin ciki nake yi.

Da bazara ta zagayo ya ce zai gabatar da aikin a wani taron masana a Birmingham. Bai gayyace ta ba, ita ma ba ta lura ba. Ta shelanta wa matan masallaci, ta sa leshinta na biki, ta ja ni muka hau coach, doguwar bas, da safe.

Muka zauna a layin baya. Ya yi bayanin ƙananan duwatsun nan tiryan-tiryan, yana cewa gwaje-gwajensa ne suka nuna masa. Sai ga hoto ya cika bango: hannaye biyu a kan dutse, da lallen Sallah, babu fuska. Ya ce a tsohuwar Ireland niƙa aikin bayi mata ne, har akwai tatsuniyar sarkin da ya sa aka kafa injin niƙa mai aiki da ruwa don tausayin wata kuyangarsa. Mutane suka gyaɗa kai.

Mma Suweiba ba ta zo da tabaronta ba. Ta taɓa ni tana murmushi. "Raki, hannuna ne. Karanta min caption ɗin da ke ƙasan hoton. Ya yi spelling ɗin sunana daidai?"

Na so na yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. "Mma, an rubuta: baiwa tana niƙa."

Bayan an tashi ta tsaya a gabansa. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce dokar uni, wato jami'arsu, ce ta hana bayyana sunan wanda aka yi bincike da shi, kuma rubutun misali ne kawai, ba ita ake nufi ba.

"Doka ta hana sunana," ta ce a hankali, "amma ba ta hana wannan ba?"

Ni da za a bar ni, da na wanke shi tas a gaban malamansa. Ta riƙe min hannu muka fita.

Muka kama hanyar gida. Da muka wuce garin Stoke ta ce kakarta 'ya ce, ba baiwa ba, uwar kakarta ma 'ya ce, babu wanda ya taɓa sayen kowa a gidansu. Ta ce ba rashin sunan ne ya fi ƙona mata rai ba, ita da ta ciyar da shi da hannun nan.

Da muka shiga layinmu, 'yarta Sherifatu tana tsaye a ƙofa tana jiran labari. Mma Suweiba ta rage tafiya, ta gyara ɗaurin kanta.

"Raki, don Allah ki ce mata mun makara, mun tarar an tashi."