Kufan da Ke Ƙarƙashin Tafki

Mincho makanikin tarakta ne a garinmu, amma ba nan aka yanke masa cibiya ba. Ƙauyensu yana can kwari. Yana ɗan makaranta hukuma ta datse kogi, aka kwashe su a manyan motoci, ruwa ya shanye gidajen har coci.

Da ya ajiye aiki sai ya sayi tsohuwar na'urar neman ƙarfe a kasuwar Plovdiv. Duk shekarar da rani ya tsananta, tafkin ya ja baya, kufan ya bayyana, sai mu hango shi da hular kaba yana shara da ita a kan busasshen taɓo. In ta yi ƙara ya durƙusa ya tona.

Da yamma in ya biyo ta gidan shayi, masu karta ba sa ƙyale shi.

"Kawu Mincho, yau tukunyar zinariyar Baturke ta fito?"

"Ta fito," in ji shi. "Na bar ta can, kada ku kashe ni da roƙo."

Sai ya zazzage aljihu a tebur: ƙusoshi, cokali mai lanƙwasa, ƙarfen kofaton doki, da tsofaffin sulalla da suka yi kore. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ni da nake maƙwabcinsa na san abin da yake nema. Mahaifiyarsu tana da sarƙar sulallan azurfa ta aurenta, ta ɓace ranar tashi. Ya ce in ya tsinci ko guda, ya san inda ƙofar gidansu take, don taɓo ya shafe komai, ba ka gane titi daga tsakar gida.

Wata shekara ya tono ɗan kwabo mai huda. Nan take ya ce in kai shi birni wajen yayarsa Radka, wadda ido ya fara gagara. Ta murza shi a tsakanin yatsu.

"Kai Auta, har yanzu ba ka da wayo. Wannan tagulla ce. Na Inna azurfa ne."

Ta sake shafa hudar, sannan ta tambaye shi.

"A ina ka same shi?"

"Gabas da rijiya, kusa da wani kututture."

"Kututturen bishiyar gyadar dutse ta gidan Todora ke nan! Todora ce ke ɗinka wa jikokinta irin wannan kwabo a hula saboda baki. To ai mu ne a bayansu, in ka wuce murhun gasa burodi."

Daga nan suka kama lissafa gidaje, wane na kusa da wane, wa ke da kare mai cizo, wa ke dafa rakiya, giyar 'ya'yan itace, mafi zafi. Suna gardama suna dariya, banitsar da ta kawo mana, wato gurasa mai cuku, ta huce ba wanda ya taɓa.

A hanya ya ce gobe da sassafe zai koma. Sai aka kwana uku ana ruwa, tafki ya cika. Shekarun da suka biyo baya duk masu damina ne, kafin wani fari ya zo gwiwa ta hana shi sauka kwarin. Radka ta rasu a tsakani.

Yanzu 'yarsa kan kai shi bakin tafki ranar Lahadi. Yakan zauna a kujera har rana ta yi sanyi, in masunta sun wuce ya tambaye su ko ruwan ya ragu.