Dogon Yaron da Kalla Ya Shayar

Kalla mutumin wani ƙauye ne a kwarin da ke ƙasa da Buza, kuma tun tasowarsa jan ruwa ne aikinsa. Rijiyar garin zurfi gare ta, sai da sa ake janta. Shi ke da san, shi ke da igiya da guga. Hannunsa ya yi kanta, har matarsa Tabawa kan ce ko garwashi ya ɗauka ba zai ji ba.

Bayan yunwar saba'in da huɗu sai ga masu furoje, wato ma'aikatan raya karkara, da babbar mota. Suka kafa hasumiyar ƙarfe a kan rijiyar, da farfela a samanta, suka rufe bakin da siminti, sai bututu kawai. Iska ta kaɗa, farfela ta juya, ruwa ya zubo. A nan ƙasar Adar kuwa iska ba a rasa ta, ita ke kwashe ƙasar gona ta bar wa mutum duwatsu. Ranar kowa ya ce ashe muguwar tana da rana. Aka ba Kalla gadin famfo, tunda shi aka raba da sana'a. Ya sayar da san. Igiyar kuma Tabawa ta yanyanka, ta ɗaure awaki.

Ba a daɗe ba wasu masu furoje suka zo, ba waɗancan ba. Su aikinsu tare iska. Suka kawo 'ya'yan dogon yaro a leda, a dasa layi-layi don ƙasar gona ta zauna. Mutane suka dasa, awaki suka cinye, aka ce haka Allah ya so. Kalla fa ba a ba shi amana ya yi wasa. Ya ɗauki layin gabas da rijiya, don nan ne kusa da ruwa, bai tuna ta nan iska ke shigowa ba. Ya kewaye su da ƙaya, safe da yamma yana shayar da su da ruwan famfo. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya ga itatuwan Kalla, shi kuma yana ta washe baki.

Shekaru suka tura, itatuwan suka wuce hasumiyar tsawo. Farfela ta fara lalaci, ta juya ta tsaya. Kalla ya hau ya zuba mata mai, ya ƙara, ya kwance ya ɗaure, a banza. Tabawa ce ta gane. Ta zo shiƙar gero kusa da rijiya, ta ɗaga ƙwarya, ƙaiƙayi da tsaba suka zubo tare a ƙafarta.

Ta ce, "Malam, ba ƙarhen ba na. Iska ba ta zakkuwa nan. Iccenka ya tare ta."

Kalla ya ɗaga kai ya dubi itatuwan. Zuciyarsa ta ɓaci ƙwarai.

Ya tafi wurin maigari, ya ce, "Ranka shi daɗe, a bar ni in sare su. Ni nid dasa su."

Maigari ya ce, "Kai kad dasa, amma ba naka ba na. Wanda yat taɓa reshe ɗaya, masu gandun daji su ɗamre shi. Kuma masu gona bayan iccen nan ba su yarda, nan ɗai ƙasa taz zamna."

"To mu hwasa simintin."

"Mu hwasa, mu ja da mi? Ina sa? Ina igiya?"

Shekarar tamanin da huɗu ce. Damina ba ta yi ba, shanun da ba su mutu ba an kora su kudu. An aika Buza, aka ce waɗanda suka kafa famfon sun daɗe da tafiya. Mata suka koma tafiyar rabin yini neman ruwa, sannan gidaje suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, ana toshe ƙofa da ƙaya.

Kalla bai tashi ba. Kullum da safe yakan hau hasumiyar da ƙafafunsa na tsufa, ya kama farfela yana juyawa da hannu, Tabawa na ƙasa ta tara tulu a bakin bututu. Iska na ta kaɗa kawunan itatuwan tana wucewa ta samansa, yana jin ƙararta. In hannunsa ya mutu sai ya leƙo.

"Ya cika?"

Takan ce, "Ya kusa, Malam," ko da ruwan bai rufe gindin tulun ba.