Amana Ba Ta Ramewa a Gidan Jatau

Ku da kuka san marigayi Jatau kun san ba ya gaisawa da mutum sai ya gaisa da dabbarsa. Ka tare shi a hanyar kasuwa kana jan akuya, kana miƙa masa hannu, shi nasa hannun ya riga ya sauka a gadon bayanta, yana latsawa, ido a lumshe. Sai ya gama ya ɗago ya ce, "Ina kwana. Ba ka jin tsoron Allah." Kiwon raguna ne sana'arsa tun kafin ya samu gadi a gidan Baturen gandun daji, kuma duk Birnin Gwari ba ragon da ke kai nasa ƙiba. Shi kansa kuwa kamar karan dawa. Goro ɗaya sai ya wuni ya kwana a aljihunsa. Ni taubashinsa ne, don haka abin da wasu ke faɗa a bayansa, ni a gabansa nake faɗa.

Bayan an samu mulkin kai, Baturen ya haɗa kayansa. Yana da wani ɗan kare da ba mu taɓa ganin irinsa ba: gajere, idanu a waje, fuska a shafe kamar ya yi karo da bango, fata duk a tattare. Ya ce Jatau ya riƙe masa, zai dawo. Ya ba shi wani ɗan kofi, ya ce shi ne mudun abincin karen, safe da yamma, kada a ƙara.

Jatau ya kawo mini kofin har zaure, yana juya shi.

"Alaramma," haka yake kirana in yana son tsokana, "dubi rowar Turawa! Shi ya sa hancin bai fito ba. Yunwa ce."

Na ce, "Halittarsa ce, Jatau."

"Halitta? Ka ga fatar nan da ta tattare? Wurin nama ne Allah ya bari. Amana ba ta ramewa a gidana."

Kofin kuwa ya mai da shi wurin ajiye kanwa.

Matarsa Hajo ta rantse kare ba zai taka mata tsakar gida ba, sai ya yi masa rumfa kusa da turken raguna. Na ce masa malamai sun ce kare na gadi ne, ko farauta, ko kiwo, to nasa wanne yake yi? Ya ce gadi. Na ce, "Gadin me? Ban da minshari ba abin da ya iya." Ya ce, "Yauwa! Wane ɓarawo ne zai ji wannan gurnanin ya tsallako? Ɗauka zai yi kura muka ɗaure."

Ɗan Bature, sunan da ya sa masa ke nan, ya shiga daula. Tuwon dawa da man shanu. Kitse daga wurin mahauta. Kuli-kuli. Kindirmo daga wajen Fulanin da ke sauka bayan gari. Mutumin da bai taɓa sayen tsire don bakinsa ba, sai ga shi a gaban mai tukuba yana cewa, "Zaɓo mini mai maiƙo, baƙo gare ni." Hajo ta ce ita da ta haifa masa 'ya'ya ba ta ga wannan gata ba ko a jego. Ya ce, "Ke ai ba a ce za a dawo a karɓe ki ba."

Kafin shekara ta zagayo, Ɗan Bature ya zama kamar tulu mai ƙafafu. Fatar ta cika, kamar yadda Jatau ya ce. Hancin dai bai fito ba.

Wata rana ya tafi da shi bakin daji yankan ganye, don mutane su gani. Suka haɗu da Bawa, wani mafarauci Bagwari daga Kakangi, da karnukansa sirara. Ƙadangare ya gifta. Ɗan Bature ya yunƙura, ya yi ɗan gudun da bai kai tsawon igiyar guga ba, ya zube, harshe a waje, yana jan numfashi kamar zugazugi. Bawa ya tsuguna ya lalubi gefensa.

"Maigida, ina haƙarƙarinsa? Kare, hannu ya kamata ya ji haƙarƙarinsa. Wannan sai ka ce alkaki."

"Naku karnuka ne," in ji Jatau. "Nawa baƙo ne."

A kwando ya ɗauko shi a ka, ganyen kuwa a can ya bar shi. Da yara suka biyo shi suna dariya, ya ce, "Ba ku taɓa ganin babban mutum a kan abin hawa ba?"

Malamin dabbobi ma, da ya zo allurar shanu a Damari, ya faɗa masa. Ya ce irin wannan kare hanyar numfashinsa dama ƙarama ce, kitse kuma ya ƙara matse ta. A rage abinci, a daina maiƙo, a riƙa ɗan zagayawa da shi da sanyin safiya. Jatau ya dubi malamin sama da ƙasa ya ce, "Rago nawa ka taɓa kiwatawa?" Maganar ta mutu a nan.

Bazara ce ta yi abin da mu muka kasa. Da zafi ya tsananta, karen ya fara suma a rumfarsa. Sai a yayyafa masa ruwa, a yi masa fifita, ya farfaɗo. Ran nan na ga Jatau ya zazzage kanwa, ya wanke kofin nan.

To, nan wahalarsa ta fara. Ya auna wa kare kofi ɗaya, kare ya lashe kafin ka ce me, ya zo ya zauna gabansa, ya zuba masa idanun nan. Jatau ya kasa kai loma. Ya koma cin abinci a zaurena, a ɓoye, ya kuskure baki sosai kafin ya tafi, wai kada a ji ƙamshi a jikinsa. Na ce, "Ka tsufa kana ɓuyar kare?" Ya ce, "Kai ba ka san yadda yake kallo ba." Daga baya ma ya daina cin nama gaba ɗaya, ya ce ba zai hana baƙo shi ya ci ba. Kullum bayan asuba sai a gan su biyu a bayan gari, a hankali, tsoho na jiran kare, kare na jiran numfashi.

Karen ya ɗan faɗa, ƙugunsa ma ya fara bayyana. Amma bai ga ruwan farko ba.

Jatau ya haƙa masa rami gindin ɗorawa, shi kaɗai, ya ƙi a taya shi. Da la'asar ya zo ya zauna a zaurena. Ya ce, "Alaramma, na iya kiwon abin da za a yanka. Ashe ban iya kiwon abin da ake so ya daɗe ba."



Baturen bai dawo ba. Da, in mota ta tsaya daga Kaduna, Jatau ne farkon leƙawa. Bayan nan sai ya riƙa sauya hanya. Hannunsa bai bar latsa bayan dabbobi ba har ya bar duniya, amma kun tuna abin da ya koma tambaya kafin ya yi faɗa: "Ta yanka ce, ko ta zama?"

A ciwonsa na ƙarshe ya tambaye ni ko za a tuhume shi da amanar nan. Na ce an ba mu labarin wanda aka yi wa gafara don ya shayar da kare ruwa, kai kuwa ba ka tsaya ga ruwa ba, har da man shanu. Ya yi dariya har ta sa shi tari.

Allah, Ka san niyyarsa fiye da mu. Shi bai iya aunawa da ƙaramin kofi ba; kada Ka auna masa da shi. Ka cika masa mudu, Ka sanyaya makwancinsa. Amin.