Yatsa Huɗu na Kawu Mai Alli

Ƙarfe bakwai na safe Kawu Mai Alli ke buɗe ƙofar shagon ɗinkin, shekara talatin da huɗu ke nan, kuma har yau ba ya yarda wani ya share masa teburin yanka. Shi zai goge shi da tsumma, ya shimfiɗa yadi, ya lallashe shi da tafin hannu, sannan ya shiga neman allinsa yana zargin kowa da ɗauka. Telolin sai su bar shi ya gama faɗansa tukuna, kafin wani ya ce, "Kawu, duba bayan kunnenka." Nan ne kuwa kullum allin yake.

Kayan makaranta ake ɗinkawa a shagon, kuma Kawu ne mai yanka. Ƙarshen watan nan zai ajiye almakashi, don idanu sun fara gardama da bakin layi. Ni kuwa na ce ba zai tafi shiru ba, sai na ba da labarinsa.

Ba a ba da labarin Kawu ba tare da na marigayi Maigida ba, wanda ya kafa shagon da keken ɗinki ɗaya, ya bar shi da goma sha biyu. A satin farko da Kawu ya fara aiki, ya yanka wanduna ashirin duk sun gaza. Ya tsaya yana jiran sallama. Maigida ya ɗaga wando ɗaya, ya kalle shi, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "To, ai an samu gajerun wanduna na wasanni," in ji shi. Ya ja kujera ya zauna suka gyara su tare, kuma a ranar ya koya masa dokar gidan: kowace riga, kowane wando, a bar yatsa huɗu na yadi a naɗe cikin kalmasa. Yaro girma yake yi. Idan kaya suka ɗage, uwa ta warware ɗinkin ƙasa ta saki tsawo.

An sha yi wa Maigida tsiya cewa yana korar ciniki da hannunsa. Sai ya ce uwar da rigar ɗanta ta kai shekara uku ita za ta kawo maka ƙannensa, ta haɗo da maƙwabta. Mutum ne mai son yara har abin ya yi yawa. Ko da baƙo a gabansa, idan lokacin tashin makaranta ya yi zai miƙe ya je ɗauko nasa. A jikin ƙofar shagon har yanzu akwai zane-zanen da yake auna tsawon 'ya'yansa da na ma'aikatansa, duk a haɗe, ba ka gane na wa ne na maigida.

Shekara biyu da rasuwarsa, autarsa ce ke riƙe da shagon, kuma tana riƙe da shi da kyau. Sai dai ta ga yadda sababbin shaguna ke yin siririyar kalmasa mai tsaf, tasu kuwa kauri gare ta, ga cin lokaci. Ta ce da zarar Kawu ya tafi za a daina. Kawu bai yi musu ba, amma abin ya tsaya masa a rai. Yana tsoron ya fita ta ƙofa, dokar Maigida ta bi bayansa.

Ana haka, ranar Talatar da ta wuce Auta ta shigo tana jan 'yarta, wadda marigayi ke kira Gimbiya, ido ya yi ja don kuka. An zaɓi yarinyar ta karanta jawabin 'yan aji shida ranar ba da kyaututtuka. An ɗinka mata sabuwar riga ta ƙi. Ita dai sai wadda kakanta ya ɗinka mata da hannunsa wata guda kafin ya kwanta ciwo, rigar kuwa ta haura gwiwa.

"Kawu, don Allah ka yi mata magana, ni na gaji," in ji Auta. "Tun bara na saki kalmasar, babu sauran komai a ciki."

Kawu ya karɓi rigar, ya juya cikinta, ya bi ƙugun da yatsa. Sai ya yi murmushi. "Gimbiya, share hawayenki. Kakanki ya san irin dogayen ƙafafun gidanku."

Ya ɗauki reza ya soma tsinke zaren ƙugu a hankali. Kekuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarƙashin ɗamarar rigar sai ga yadi yana saukowa, sabo fil, launinsa bai taɓa ganin rana ba. Yatsa takwas cif.

"Ni na zana, shi ya ɗinka," in ji Kawu. "Ya ce mini, wannan ninka mata, doguwa za ta yi kamar kakarta. Ya ce in ba ya nan, ni na san inda yake."

Aka mayar da ɗinki, aka goge, Gimbiya ta sa. Rigar ta sauka ƙasan gwiwa, da wani sashe mai duhu a tsakiya wanda yarinyar ta ce shi ya fi mata kyau. Ta yi juyi a tsakiyar shago, teloli na tafi, Auta na kuka tana dariya lokaci guda. Ni kaina sai da na goge ido.

Kawu, kai ne ka riƙe wa mutum amanar zare da allura shekara biyu bayan ƙasa ta rufe shi. Kai ne ka sa wa dubban yara tsawo a ajiye, yaran da ba su san fuskarka ba, iyayensu ma ba su taɓa tambayar wa ya yanka ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi, ya jiƙan Maigida. Mu kuma masu sana'a, kowa ya duba aikinsa ya ga ko ya bar wa wanda zai yi amfani da shi wani abu na gobe.

Kafin su fita a ranar, Auta ta tsaya a teburin matar da za ta gaji Kawu. Ta miƙa hannu bayan kunnen tsohon ta zaro allin, ta ɗora yatsunta huɗu a ƙasan takardar awo, ta ja layi.

"Daga nan za ki riƙa yankawa," ta ce.