Ƙaramin Jet Da Ya Kashe Yayana Salifu

Shekara goma sha biyar ke nan da aka sauke gawar yayana Salifu daga bayan motar katako a bakin layinmu a unguwar Maamobi, cikin birnin Accra. Duk lokacin da wannan wata ya zagayo, sadakar ƙosai nake yi in ja bakina in yi shiru. Bana kam ba zan yi shiru ba, domin mutumin da ya jawo mutuwarsa yana shirin tafiya aikin Hajji, yana bin gida-gida neman gafara, kuma ya iso kaina.

Yaya Salifu makanikin injin zarto ne, wanda mu a nan muke kira censo, kuma shi da kansa yakan shiga daji ya sare itace idan aikin ya fi ƙarfin wasu. Rumfarsa tana jikin teburin da nake sayar da koko da ƙosai, saboda haka ko ban so ba sai da na koyi karatun kafireta. Ba ya ɗora babbar kafireta a kan ƙaramin inji, yakan ce shaƙe shi za ta yi. Abin da ya fi ɓata wa lokaci kuwa shi ne jet, wata 'yar tagulla da ba ta kai ƙwayar wake ba, mai rami kamar na allura, inda fetur ke bi ya shiga inji. Yana da su girma-girma cikin gwangwanin madara. In za a sare itace mai tauri irin odum a cikin zafi, wanda ya ɗan fi faɗi yake sa wa.

Da kunne yake aiki. Ya tayar da inji ya matsa, in ya ji muryar ta ɗan yi kauri kamar mai majina a maƙogwaro, sannan ta washe da zarar sarƙa ta kama itace, to ya gamsu. In kuwa ya ji inji yana ƙara siririya mai zaƙi, irin wadda masu censo ke alfahari da ita, sai ya kashe shi nan take. Ya sha yi mini bayani: man da ke sanyaya fistin a cikin fetur ake zuba shi, don haka wanda ya rage wa inji fetur ya rage masa mai, zafi zai kama shi ya tsaya cak. Daga nan sai ya kwance fulogi ya miƙo hannu ya ɗauki ƙosaina ɗaya ya gwada launinsu. In sun yi daidai, aiki ya yi. Ƙosan kuwa ba ya dawowa.

Sai ga shekarar yunwa, wadda gobarar daji ta cinye gonaki aka kuma koro 'yan'uwanmu daga Legas. Fetur ya yi wuya, mutane na wuni a layi da galan. A lokacin Yaya yana yi wa Mumuni aiki, wani mai sayar da katako a unguwar Nima, wanda injin da motar duk nasa ne. Mumuni ya zo rumfa ina tsaye ina suya, ya ce injinsa na shan fetur da yawa, a sa masa ƙaramin jet. Yaya ya ce, "Maigida, in na sa wannan, inji zai mutu cikin itace. Ni ba na yi." Mumuni ya yi dariya ya ce to shi ke nan. Ashe ranar Juma'a, Yaya yana masallaci, ya ɗauki injin ya kai wa wani makaniki a kasuwar Agbogbloshie aka canza jet ɗin, ya mayar da shi mota bai gaya wa kowa ba.

Abin da ya faru a daji daga bakin Kwabena na ji shi, direban motar, dattijo ne da ba ya ƙarya. Ya ce Yaya na tayar da injin ya gane. Ya buɗe sukurun kafireta iyakar buɗewa, amma rami ƙarami ba ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa, gwangwanin jet kuma yana Accra. Ya ce a koma gida. Mumuni ya ce fetur ɗin da aka ƙona aka zo ba zai tafi a banza ba, itace ɗaya kawai a kayar. Yaya ya ci fiye da rabin gindin itacen, injin ya yi zafi ya buga, zarton ya maƙale a ciki. Itacen ya fara ƙara. Duk mai shiga daji ya san a nan gudu ake yi, kuma Yaya ya juya zai gudu. Mumuni, daga can nesa inda ya tsira, ya dinga ihu, "Injina! Salifu, cire mini injina!" Yaya mutum ne mai kunyar kayan amana. Ya koma, itacen ya faɗo a kansa.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da zuciyata ta yi sanyi tuni. Amma ranar sadakar uku Mumuni ya miƙe a gaban malamai yana share hawaye, ya ce ya sha gargaɗin marigayi ya daina wasa da kafireta, shi ne ya murɗe ta don inji ya yi gudu a yaba masa. Mutane suka girgiza kai suna cewa gwaninta ce ta yi masa yawa. Kwabena bai iya buɗe baki ba sai bayan ya bar aikin motar. Na kai maganar gaban dattawan unguwa, suka ce in bar wa Allah, ni mace ce, me na sani a kan inji. Har yau a Nima, in makaniki ya cika taɓe-taɓe, sai ka ji an ce masa kada ya yi irin ta Salifu. Wallahi duk ranar da na ji wannan kalma, abinci ba ya shiga cikina.

Ina yawan tunanin abin da Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. Gwamnati ta hana tsaga katako da censo, amma katako bai yanke a kasuwa ba. Injuna sun yi yawa, samari kuma gasar ƙara suke yi, kowa na so nasa ya fi na wani tsiwa. Na tabbata da zai toshe kunne ya bi su ɗaya-ɗaya da sukundireba. Game da Mumuni kuwa, na san halin yayana, da tuni ya yafe, har ya raka shi filin jirgi. Ni ba shi ba ce. Haƙurin gidanmu shi ya kwashe, bai rage mini komai ba.

Ranar Litinin Mumuni ya zo teburina da farar riga da 'yan rakiya, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ce, "Adiza, kafra. Zan tafi Makka. In na yi laifi, wanda na sani da wanda ban sani ba, a yi hankuri a yafe."

Na ce, "Baba Mumuni, wanda ba ka sani ba na yafe. Wanda ka sani fa, wane ne?"

Ya dubi ƙasa ya ce kwana ne ya ƙare. Na ce na yarda kwana ya ƙare, amma ba kwana ba ne ya kai inji Agbogbloshie, ba kwana ba ne ya miƙe a gaban malamai. Na gaya masa abu ɗaya nake so: ya tsaya a masallacin nan ranar Juma'a ya faɗi wanda ya canza jet. 'Yan rakiyarsa suka hau ni da faɗa wai ana hana mai niyyar Hajji gafara? Na ce ana hanawa, ga shi na hana. Juma'a ta zo, ya yi sallarsa ya fita ta ƙofar baya.

Yaya bai bar gida ba, bai bar mota ba, rumfarsa ma yanzu mai gyaran rediyo ne a ciki. Sunansa kaɗai ya bari, sunan mutumin da ya ƙi cutar da ƙarfe balle ɗan'adam, shi ma an ɓata shi. Shi ya sa na rubuta wannan, don mutanen Nima da Maamobi su karanta kafin jirgi ya tashi. Allah ya kai Mumuni lafiya, amma ban yafe ba. In ya dawo, teburina yana nan inda ya san shi. In kuma bai dawo ba, Salifu yana can yana jiransa.